Horon Yunwa Ba Ya Gyara Yarinya Mai Ci A Ɓoye

A ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi, ko daga Minjibir ka nausa Ɗambatta da Makoɗa, ba a rasa labarin wata irin yarinya da iyaye mata ke kuka da ita. Shekarunta sha uku ne zuwa sha shida. A gaban mutane ba ta cin abin kirki, loma uku ta tsame hannu ta ce ta ƙoshi. Amma sai a wayi gari tuwon da aka rufe don ɗumame ya yi ƙafa, ko garin kwakin da uwa ta ɓoye a bayan kwalla ya ragu da rabi, ko a dawo daga talla kuɗi ya ƙi cika alhali faranti babu komai. Ranar da dubunta ta cika, hukuncin sananne ne. A kira ta acici, a ce haɗama za ta kashe ta, a tara mata ƙannenta su yi mata dariya, wani gidan a haɗa da bulala, daga ƙarshe a ce yau ba ta da tuwon dare don ta shiga taitayinta. Ina ganin wannan hukunci na ƙarshe, wato horo da yunwa, shi ne mafi muni a cikinsu duka, domin abin da ya haifar da cutar shi ake ba ta a matsayin magani.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Albert Stunkard, ya bayyana shi tun 1959. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware masa gurbi a matsayin cuta mai zaman kanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Mutum ya cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, da sauri kamar ana korar sa, yana ji a ransa cewa ba zai iya tsayawa ba ko da ya so. Ya ci har cikinsa ya yi masa ciwo, sau da yawa ba tare da yana jin yunwa a lokacin ba, ya ci shi kaɗai don kada a gan shi, in ya gama kuma kunya da baƙin ciki da ƙyamar kansa su rufe shi. Idan haka na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, likita zai kira shi cuta. A wajen yara da matasa masu bincike sun lura cewa yawan abin da aka ci ba shi ne abin dubawa na farko ba, kuɓucewar linzami ita ce. Yarinyar da ta share ƙanzon tukunya a tsaye, hannunta na rawa, kunnenta na sauraren takun uwarta, tana cikin halin, ko da abin da ta ci bai kai malmala biyu ba. Kuma ba lallai ne ta yi ƙiba ba. Tana iya zama siririya kamar kowace yarinya a unguwar.

Me ke kawo shi? Dalilai suna da yawa, har da gado da damuwa da cin zarafi, amma wanda ya fi shafar mu shi ne yunwa mai zuwa tana komawa. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya faru da tunaninsu ya fi ramar ban mamaki. Ba su da zance sai na abinci, wasu suka koma tara littattafan girki, suna lashe kwano, suna jan loma ɗaya a baki don kada ta ƙare. Da aka sake musu mara, da yawansu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu, su tashi kuma suna cewa ba su ƙoshi ba, wasu suka yi watanni a haka. Ba maras tarbiyya aka tara ba, an tantance lafiyar jikinsu da ta hankalinsu kafin a ɗauke su. Yunwa kaɗai ta mai da su haka. Shekaru sama da saba'in bayan nan, a 2017, Carolyn Becker da abokan aikinta suka yi nazarin mutane wajen ɗari biyar da ke karɓar abincin agaji a birnin San Antonio na jihar Texas, suka samu cewa waɗanda rashin abinci ya fi tsananta a gidajensu su ne suka fi fama da ci ba linzami. Jikin da ya saba da rashi, da zarar ya ga samu, ba ya yarda cewa gobe ma akwai.

To, a dubi yadda shekara take juyawa a arewacin Kano. Wannan yanki na cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, abin da ya sa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarinsa tun daga shekarun 1960. Gona ba ta hutu, kowace damina sai an noma ta, taki da toka da kashin awaki ne ke riƙe da ita, kuma duk mutuwar magidanci sai gado ya ƙara yayyanka ta. Gero da dawa da wake da gyaɗar da gida ya girbe a kaka ba kasafai suke kai shi wata kakar ba. Daga faɗuwar ruwan farko zuwa lokacin da gero zai nuna, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, girki ya koma sau biyu ko sau ɗaya, a cike gurbin da kwaɗon tafasa ko rama. Sai kaka ta zo da sabon gero da ɗanyar gyaɗa da bukukuwa, a ci a bar saura. Duk wannan ana yin sa ne a gefen kasuwar Dawanau, inda manyan motoci ke lodin hatsi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsuke wa talaka, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa ƙididdigar hukuma. Gida da yawa yanzu ba sai damina suke ganin wannan hawa da sauka ba, a cikin mako ɗaya suke ganin sa: ranar kasuwa akwai, bayan kwana uku babu.

Rashin bai kuma faɗa wa kowa daidai ba. A kula da yadda ake kwasar tuwo da magariba. A fara da kwanon maigida, a sa na ƙofar gida don baƙi da almajirai, a sa na samarin da suka wuni a gona, a sa na ƙanana don kada su yi kuka. Budurwar da ta surfa, ta kai niƙa, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa, ita da uwarta ne na ƙarshe, kuma a kwano ɗaya take ci da ƙannenta mata, inda ake sa ran ita babba ta tsame hannu ta bar wa yara. Wannan fa a shekarun da jikinta ya fi buƙata: a lokacin balaga ne mutum ke tara kusan rabin nauyin da zai yi girma da shi, ga jinin al'ada da ya fara rage mata sinadarin ƙarfe duk wata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Waɗancan yaran, yau manyansu sun fara zama 'yan mata. Sai kuma talla. Yarinya ta fita da hantsi da kokon koko kaɗai a cikinta, ta ɗora farantin awara ko ɗanwake ko dafaffiyar gyaɗa a ka, ƙamshin mai da yaji na bin hancinta daga tasha zuwa bakin kasuwa, tana miƙa wa wasu suna ci a gabanta, ita kuwa ko guda ba ta da ikon taɓawa domin an ƙirga. Wanda ya wuni a haka, in dare ya yi ya samu tukunya babu mai gadi, ba sai an tambayi abin da zai faru ba.

Kunya ce ke kulle ƙofar. Muna koya wa 'ya mace tun tana ƙarama cewa ci a gaban mutane abin kunya ne, budurwa ba ta ci a titi, ba ta neman ƙari, ba ta cewa tana jin yunwa, ranar da ta je gidan miji kuma ta yi kwanaki tana tsakurar abinci don kada dangin miji su ce an kawo musu acici. Kawaici abu ne mai kyau, ban ce a yar da shi ba. Amma yarinyar da aka hana ta ƙoshi a fili, a ɓoye za ta nema, kuma cin ɓoye dole ya zama na gaggawa. A ɗaya gefen, al'adar da ta hana ta ci a fili ita ce ta la'anci mai ci shi kaɗai, har muna cewa kowa ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu. Ta ko'ina ta juya laifi ne. Don haka in ta yi cin daren nan, da safe sai ta ƙi karyawa, wani lokaci don hukunta kanta, wani lokaci don a ga ita ba mai ci ba ce. Ta wuni da yunwa, dare ya yi, abin ya dawo. Masu jinyar wannan cuta sun san wannan zagaye sarai: ƙuntatawa ta jawo ci, ci ya jawo kunya, kunya ta jawo wata ƙuntatawar. Uwar da ta hana ta tuwon dare ta shiga zagayen ne ta tura shi gaba da hannunta, ba ta sani ba.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula lamarin. Gidan da ya tsawata wa yarinya kan ci, shi ne kuma in an sa ranar aurenta zai fara damuwa cewa ta rame, kada a ce ba a kula da ita ba. Sai a nufi kemis a sayo abin da ake kira sha-ka-fashe. Galibi haɗin magunguna biyu ne: cyproheptadine, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne amma yana buɗe ciki ya sa barci, da dexamethasone, magani mai ƙarfi da ke sa jin yunwa, ya tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska. Na biyun, in aka daɗe ana sha, yana ɗaga sukarin jini, ya kawo hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Yarinyar da dama linzamin cinta ke rawa, aka ɗora mata wannan, sai ta wayi gari da yunwar da ba ta jin lallashi. Gobe in ta cinye rabon wani, ita za a zaga, ba mai tuna wanda ya sayo ƙwayar.

Za a ce wannan ciwon Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi, kuma a jihar da ake kwantar da jarirai saboda tamowa, maganar yarinyar da ta ci da yawa ɓata lokaci ne. Na fahimci mai wannan magana, amma hujjar da ta gabata ta juya masa baya. Samarin Minnesota yunwa ce ta sa su, mutanen San Antonio layin abincin sadaka suke bi. Abin da ya sa aka daɗe ana ɗaukar cutar ta masu hali shi ne masu hali ke zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, su ake rubutawa a takarda. Manyan binciken lafiya da ake yi gida gida a ƙasar nan suna auna tsayi da nauyi da jini, suna tambayar irin abincin da aka ci jiya, amma ba sa tambayar yarinya ko ta taɓa fara ci ta kasa tsayawa, abin da ba a tambaya ba kuwa ba zai fito a lissafi ba. Sannan tamowar jariri da cin ɓoyen yayarsa daga tukunya ɗaya suka fito. Yayar nan, nan da shekara biyu ko uku, ita ce mai ciki, ita ce mai shayarwa, ita ce kuma za ta riƙe mara da ludayi ta raba wa wasu.

Wani kuma zai ce ai duk mai jin yunwa in ya samu abinci zai ci da yawa, ina cuta a nan? Gaskiya ne, kuma bai kamata a mai da kowace yarinya mai kyakkyawan ci majinyaciya ba. Wadda ta dawo daga gona ta share kwano ta yi hamdala ta tashi da fara'a lafiyarta ƙalau. Bambancin yana ga abin da ke biyo baya da kuma maimaituwa: ɓoyewa, ƙarya kan abinci, kuka ko ƙuncin rai bayan ci, janyewa daga ƙawaye, ci ko da an ƙoshi musamman bayan faɗa ko ɓacin rai, wasu har su kai ga sa yatsa a maƙogwaro, wanda shi kuma wata cutar ce ta daban mai gaggawar haɗari. Kafin ma a kai nan akwai abubuwan da ya kamata ƙaramin asibitin gari ya fara dubawa. Tsutsar ciki tana nan. Yarinyar da ke ci sosai tana ramewa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada sukarinta ba tare da jinkiri ba, domin ciwon suga na yara ba ya jira. Mai kwaɗayin farar ƙasa ko gawayi a duba jininta. Duk waɗannan sun fi saurin zaton an yi mata asiri ko aljanu ne ke ci ta bakinta. Addu'a ba ta hana gwajin jini.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na uwa, kuma ita ce mai ɗakin da ta san inda yake mata yoyo. Za ta ce mudu biyu maigida ya auno, baki goma ke jira, in ɗaya ta cinye ɗumame ƙanana za su tafi makaranta da yunwa. In ban hore ta ba me zan ce wa sauran, kuma addini ma ya hana cika ciki. Ba wanda zai ce ɓarnar ba ɓarna ba ce. Amma koyarwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta raba ciki kashi uku tana magana ne da wanda abinci ke gabansa yana da zaɓi, kuma shari'ar da ta zo da ita ita ce ta wajabta wa uba ciyar da 'yarsa, ta kwaɗaitar da yin sahur don kada mai azumi ya galabaita, ta hana tona asirin musulmi. Ban san inda aka halatta kwana da yunwa a matsayin tarbiyyar yaro ba. Ta fuskar lissafin mudun ma horon bai biya ba. Tuwon da aka hana ta yau, gobe za ta ɗauki ninkinsa a ɓoye, a ƙara da ƙarya da zargi tsakanin kishiyoyi da 'yan uba kan wanda ya buɗe kwano.

Abin da ya fi ba da sakamako wajen jinyar wannan cuta, irin tsarin da Christopher Fairburn da abokansa suka gina a Jami'ar Oxford, matakinsa na farko ba ƙwaya ba ce. Shi ne ci a kan ƙa'ida: sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada a bar tazarar ta wuce awa uku zuwa huɗu, kuma kada a tsallake wani cin don ramuwar na jiya. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage yawan aukuwar abin sosai kafin a shiga maganar damuwar da ke ƙasa. Na san gidan da ke girki sau ɗaya zai ji wannan kamar ba'a. Amma ƙa'idar ba ta ce a ƙara mudu ba, cewa ta yi a san lokaci a kuma san rabo. A zuba wa yarinyar nata a kwanonta, ta san nata ne ba mai taɓawa, ta ci rabi ta rufe rabi in ta so. Kafin ta ɗauki farantin talla ta sa wani abu a cikinta, a kuma ware mata nata daga cikin kayan tun a gida, awara biyu ko dunƙulen fura, a cire shi daga lissafi. In ta sake faɗawa, a kira ta ɗaki a yi magana ba a tsakar gida ba, kuma abincinta na gaba ya zo mata a kan lokacinsa kamar ba abin da ya faru. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi yi wa iyaye wuya, don yana kama da saka wa mai laifi da alheri, amma shi ne ke koya wa jikin cewa gobe ma akwai.

Hukuma ma tana da nata kason. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 an tsara shi ne don aji ɗaya zuwa uku na firamare, wato yana ƙarewa tun kafin yarinya ta kai shekarun da jikinta zai fi neman abinci. Kano na cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata matasa, kuma duk mai son yarinyar ƙauye ta zauna a aji har a tashi dole ya tambayi abin da ta ci kafin ta fito. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta yi tanadin shigar da wannan fanni cikin ƙananan asibitoci, kuma nan ne wurinsa, domin ba uwar da za ta ɗauki 'yarta budurwa daga Kunchi ko Tsanyawa ta kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau saboda ta cinye ɗumame, ta jawo mata sunan da zai kori manema. Ma'aikaciyar lafiyar da ke awon ciki da rigakafi a garin, da malamar Islamiyya da 'yan matan ke sakin jiki da ita, su za a koya wa tambayoyi biyu ko uku da za su yi wa yarinya a keɓe, da abin da za su gaya wa uwarta. Hukumar NAFDAC da hukumar da ke kula da masu sayar da magani kuma su leƙa kemis ɗin ƙauye, inda ake ƙirga wa yarinya dexamethasone a ƙullin leda ba takardar likita.